Hayaƙi a Kan Madubin Iklima

Iklima ta dawo Yamai da balis biyu, wato akwatunan tafiya. Ɗaya na tufafi da tsaraba, shi aka buɗe a tsakar gida ranar da ta sauka. Ɗayan baƙi ne, mai nauyi, da makullai a gefe. Ita da kanta ta ja shi zuwa ɗakinta, ba ta bari ko mai takisi ya ɗaga shi ba.

Ni kawunta ne, ƙanen uwarta. Tun da mahaifinta ya rasu nake zaune da su a gidan da ke unguwar Talladjé. Da safe in tafi rumfata a kasuwar Katako, inda nake sayar da itacen rufi, da yamma in dawo. Ita ce ƴar farin Yaya Rakiya, don haka uwar ba ta taɓa kiran sunanta ba. "Waccan" take cewa, ko "ƴar gidanka" in da ni take magana. Shekarun da yarinyar ta yi a Turai tana karatun fizik, duk sa'ar da ta bugo waya Yaya takan miƙo mini, ta zauna gefe tana tsintar shinkafa, kunnenta na wajenmu.

Abin da ya dawo da ita shi ne, aikinta na can ya ƙare, sun ba ta wani sabo suna jiran amsarta, ita kuwa so take ta zauna gida. A jami'a, ƙetaren kogi, shugaban sashensu, Farfesa Halidu, ya ce mata ɗakin bincike ɗaya ya rage, masu nemansa kuma da yawa. Ya ce ta zo ta nuna wa malamai aikin su gani da idonsu. In na'urarta ta yi aiki a zafin Yamai da kuran ɗin Yamai, wato wutar lantarkin garin, ɗakin nata ne. In ba ta yi ba, tikitin komawarta na nan cikin jaka.

Kafin ranar, sai ta harhaɗa na'urar a ɗakinta don ta gwada. Faifan ƙarfe ne mai huji-huji, ta ɗora shi kan tebur, ta dasa masa ƴan sanduna, kowane da gilashi ko ɗan madubi a kansa, da wayoyi masu zuwa cikin ordinater, wato kwamfuta. Na tsaya bakin ƙofa ina kallo.

"Shigo mana, Kawu. Amma hannu a baya."

Na shiga, hannu a baya. Ta ɗago wani ɗan abu da hantsaki, bai kai ƙwayar shinkafa ba, garai-garai kamar ɓarɓashin kwalba.

"Ka gan shi?"

"Da ƙyar."

"Diyaman ne, lu'ulu'u. Ba wanda ake haƙowa ba, na masana'anta ne."

Gwaggonta Hajara, ƙanwar mahaifinta, ta zo daga unguwar Wadata gaisuwa, tana zaune kan tabarma a waje. Ashe kunnenta na nan.

"Diyaman kika ce? Shi ne kika ɓoye a ɗaki kika bar mu da sabulu da ɗankwali? Kawo a kai wa maƙeri ya ɗora shi kan zobe, ko ma samu mai tsayawa ƙofar gidan nan."

"Gwaggo, wanda zai tsaya don wannan ɗan abin, ai sai ya zo da tabarau."

"Ya zo ko da sanda ne. Mu dai mu ci shinkafar biki."

Ni ban shiga makaranta ba sai da furfura ta fara fito mini, karatun manya na yi, Faransancina kuma na lissafin itace ne. Da Hausa ta yi mini bayani, a hankali, ni kuwa ban katse ta ba.

Ta ce akwai abin da kuran ke bi ta cikinsa a guje, kamar wayar tagulla. Akwai wanda ba ya bi sam, kamar itacen rumfata. Akwai kuma na tsakani, wanda sai an lallaɓa shi, su ne cikin telefon da faifan sola da ke kan rufin masallacinmu. Diyaman ma cikin danginsu ake lissafa shi, ko da yake ya fi su taurin kai. Ta ce kowane abu da ƙwayoyin zarra aka gina shi, kowace ƙwaya da cibiyarta. Wasu cibiyoyin suna juyi kamar katantanwar da yara ke murzawa, kuma kowace ɗaya ƴar ƙaramar maganaɗisu ce. In aka aika musu igiyar rediyo wadda ta yi daidai da juyinsu, sai su kife. Matsalar ita ce sun yi ƙanƙanta, babu idon da ke ganin kifewar.

"To ke yaya kike gani?"

"Ta haske." Ta kunna wata fitila da ta kira lazer. Wani siririn haske kore ya fito, ya doki madubi, ya karya kwana, ya faɗa kan ɗan dutsen. "In na ba shi kore, sai ya maido mini ja. Wannan madubin shi ke raba su, ya tura kore ga dutse, ya bar ja ya wuce zuwa ma'auni. Sai in riƙa murza igiyar rediyo sannu-sannu, kamar yadda kake neman tasha a gajeren zango. Inda jan ya ɗan dushe, nan na kama su suna kifewa."

Ta nuna mini a ordinater. Wani layi ne miƙaƙƙe, a wani wuri sai ya nutse kamar sawun kofato a laka, ya sake tasowa.

"Shi ke nan?" na ce.

"Shi ke nan, Kawu. Wannan ramin na tafi nema."

Na tambaye ta amfaninsa. Ta ce na'urar asibiti mai ɗaukar hoton cikin mutum ba tare da an yanka shi ba, da wannan kifewar take aiki, sai dai ita tana bukatar mutum sukutum. Tata hanyar kuwa tana iya jin abin da bai kai ƙura ba. Na jinjina kai. Ban fahimci duka ba, amma na fahimci ramin.

Da ta ga komai ya zauna, sai ta shirya zuwa Dosso gaida kakarta, domin wanda ya dawo daga tafiya irin wannan ba ya zama har tsohuwa ta aiko tambaya. Kafin ta fita ta tsaya tsakar gida, ta ce da ni da ƙarfi yadda uwar za ta ji:

"Kawu, don Allah kada a share ɗakin nan, kada a taɓa komai. Ko ƙura aka gani a bar ta."

Yaya tana bakin murhu, ba ta juyo ba. Ta ce, "Ka gaya mata an ji."

An kuwa ji. Ba a share ba. Sai dai Yaya tana da wani turaren wuta da ta haɗa da hannunta tun sa'ar da aka ce yarinyar za ta dawo. Itacen daga Diffa aka kawo mata, ta soya shi da sukari da man turare kala-kala, ta rufe a kwalba ta ɓoye ƙarƙashin gado, ko baƙin salla ba ta ƙona musu shi ba. Ranar da yarinyar ta tafi, ta zuba garwashi a kasko, ta barbaɗa shi da yawa, ta ajiye tsakiyar ɗakin, ta rufe taga, ta ja ƙofa, ta toshe ƙasan ƙofar da tsumma don ƙamshin ya kama bango da katifa. Ta yi da yamma, ta sake da safe, ta sake da yamma. Ina gani. Har na ce mata, "Yaya, yau gidan nan kamar na amarya." Na ga bakinta ya motsa.

Iklima ta dawo ana jibi za ta je jami'a. Ina alwala na ji ta buɗe ƙofarta, sai kuma shiru. Shirun ya yi tsawo. Na tashi na leƙa. Tana tsaye kan teburin da ƴar tocila, tana haska gilasan ɗaya bayan ɗaya. Kowane ya yi wani dishi-dishi mai maiƙo, kamar gilashin mota da aka ajiye kusa da mai suya. Ta kunna lazer, koren ya fito a warwatse. A ordinater layin sai rawa yake, babu rami, babu alamarsa.

"Kawu, wa ya shigo?"

"Turare aka sa miki."

Ta rufe ido. Ta buɗe, ta ci gaba da haskawa, har ta iso kan madubin nan mai raba kore da ja. Shi bai yi dishi-dishi ba. Ya fi sauran haske, sai dai an zazzana shi da ƴan layuka sirara, kamar farantin da aka goge da toka.

"Wannan an taɓa shi."

Yaya tana tsaye bayana, ban ji zuwanta ba. Da ni ta yi magana.

"Ka gaya mata ni ce. Da na zo ɗaukar kasko na ga ya yi duhu, na sa bakin mayafina. Shi kaɗai na taɓa."

Iklima ta kashe lazer. Ta ajiye tocila, ta wuce mu, ta fita ƙofar gida. Yaya ta koma kicin, na ji tana ta motsa tukwanen da babu abin da ya same su.

Na iske yarinyar zaune kan dakali ƙarƙashin itacen bedi. Na zauna nesa kaɗan. Masu babur suna wucewa, mai ruwa ya turo kurarsa ya gaishe mu ya wuce. Ita ta fara magana da kanta.

"Sauran zan iya wankewa. Akwai alkol mai tsabta na wanke gilashi wurin masu kimiyyar haɗe-haɗe, ina da takardar goge su. Amma wancan madubin, fatar da ke kansa ta fi ta albasa sirantaka, in ta tashi ta tashi. Babu irinsa a ƙasar nan. In na aika a kawo, kafin ya iso an ba wani ɗakin."

"A roƙi Farfesa ya ɗaga ranar?"

"In ce masa me? Tambayarsa ke nan tun farko, ko abin zai rayu a Yamai. In je in ce bai ko fita daga gidanmu ba?" Ta yi ƴar dariya marar daɗi. "Na lissafa zafi, na lissafa ƙura, na lissafa yankewar kuran har na zo da batir. Ban lissafa Inna ba."

"Turaren nan tun kina can ta haɗa shi."

"Na sani, Kawu. Tun daga ƙofa na gane. Ko a sunan ƙanena ba ta ƙona irinsa ba." Ta share fuska da bayan hannu. "Shi ya sa ma na fito. Ban san da wace fuska zan dube ta ba."

Muka ƙara zama. Can ta ɗauki tsinke ta fara zane a ƙasa, layi nan, layi can, ta goge da tafin ƙafa, ta sake. Ban tambaye ta ba.

"In na cire shi gaba ɗaya," ta ce, ba da ni take ba, "in haska dutsen ta gefe, in tara jan ta gaba. Akwai matacin jan haske a jakata, ban fito da shi ba, hayaƙi bai same shi ba. Hasken zai ragu ƙwarai. Ramin zai fito, amma sai an jira shi."

"Mutanen za su jira?"

"Shi ne ban sani ba."

Washegari tun da hantsi muka ƙetare gada muka karɓo alkol ɗin. Ta wuni tana wanki, kowane gilashi ɗigo ɗaya, ja ɗaya, ta yar da takardar ta ɗauki sabuwa. Gwaggo Hajara ta zo, labari ya riga ya kai mata. Ta tsaya tsakar gida ta riƙe ƙugu.

"Rakiya, ashe turarenki har injin Nasara yake kayarwa? Ki ba ni saura in kai Wadata, akwai mai injin niƙa kusa da mu da ya hana ni barcin rana."

Babu wanda ya yi dariya sai ni, ni ma kaɗan. Yaya ba ta fito daga ɗaki ba. Abincin rana ta ba ni na kai wa yarinyar, na dawo da kwanon kusan yadda yake. Kafin magariba ramin ya fito a ordinater, ɗan mitsitsi, sai da ta nuna mini da yatsa. Ta kwance komai ta jera cikin baƙin balis.

Da safe na ce wa Yaya ta shirya mu tafi tare. Ta dube ni kamar na ce ta hau rufi.

"In je in zauna gaban mutane ina kallon waccan? Ka tafi kai."

Ɗakin da aka ba ta don nunin babba ne, da allo da kujerun ɗalibai. Malamai sun zauna gaba, ɗalibai sun cika baya har bakin taga. Na sami wuri a kusurwa. Ta sa aka ja labule, aka kashe fankar da ke saman teburin don kada ta girgiza shi. Nan take zafi ya sauko. Ta yi bayani da Faransanci, a tsaye, babu takarda a hannunta. Ban kama rabin abin da ta ce ba, amma na ga yadda ɗaliban baya suka daina taɓa telefon.

Sai ta kunna. Koren ya faɗa kan dutsen ta gefe. An haska ordinater ɗin a bango don kowa ya gani, layin kuwa sai tsalle yake sama da ƙasa kamar an watsa wa kaji hatsi. Ta ce na'urar za ta riƙa maimaita awon tana tarawa, a yi haƙuri.

Aka yi haƙuri. Gumi ya fara jiƙa riguna. Wani malami mai ƙiba ya mai da takardarsa maficinsa. Farfesa Halidu, dogon mutum mai farin gemu, ya dubi agogonsa, ya dubi bango, ya sake duban agogo. Wani daga gaba ya ce wani abu, aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Na tambayi ɗalibin da ke kusa da ni, ya ce cewa ya yi wataƙila cibiyoyin ba su saba da zafin nan ba, sun tafi neman inuwa. Iklima ta yi murmushi. Hannunta na bayanta, ni kaɗai nake ganin yadda ta matse yatsunta.

Sannu a hankali layin ya fara kwantawa. Tsallen ya ragu. A wajen tsakiya wani wuri ya ƙi tasowa tare da sauran. Na gane shi kafin a nuna, domin na san inda zan duba. Ya ƙara zurfi, ya ƙara, har wanda ke bakin taga ya iya ganinsa. Wata ɗaliba a bayana ta ce da Zabarmanci, "A boori," wato ya yi kyau.

Farfesa bai motsa ba. Ya ce, yaya za a san ba wata tasha ba ce ko wayar wani ta shigo cikin na'urar. Iklima ta kira ɗalibar nan ta baya, ta nuna mata wata waya, ta ce ta zare. Wayar ce mai kai igiyar rediyo ga dutsen. Aka sake awo daga farko, aka sake jira cikin zafin, layin ya kwanta sumul babu rami. Ta ce ta mayar. Aka sake jira. Wannan karon babu mai duban agogo, babu mai fifita. Ramin ya dawo daidai inda yake.

Sai Farfesa ya tashi ya zo kan teburin, hannu a baya ba tare da an gaya masa ba. Ya sunkuya yana bin hanyar hasken da ido, har ya tsaya kan wani sanda da babu komai a kansa. Da Hausa ya yi tambayar, a hankali.

"Nan ba wurin madubin rabo ba ne? Ina yake?"

"Ya lalace, Malam."

"A jirgi?"

"A gida."

Ya jira ta ƙara wani abu. Ba ta ƙara ba.

"Yaushe?"

"Shekaranjiya na gani."

"Shi ne kika sake wa hasken hanya."

"I, Malam."

Ya miƙe, ya daɗe yana kallon teburin. Sannan ya juya ga malaman ya yi magana da Faransanci, gajeriya. Wannan na kama ta duka, domin kalmomin cikinta na yau da kullum ne: ɗaki, makulli, Litinin. Ɗalibai suka tafa. Mai ƙibar nan ya zo ya ce mata yana da ɗalibai biyu da zai turo mata, in ba ta tsoron masu fasa gilashi.

A takisi, kan gada, tana rungume da baƙin balis a cinya, makullin ɗakin binciken na cikin tafinta. Direban ya tambaya ko zinariya ce a ciki, na ce masa kayan aikin ƴata ne, malama ce a jami'a. Ta dube ni ta gefen ido. Ban janye ba.

Mun iske Yaya a tsakar gida tana tankaɗe. Ta amsa sallama ba ta ɗago ba. Iklima ta kai balis ɗaki, ta fito, ta tsaya. Na zauna kan kujerata ina cire takalmi. Rariya ta yi ta kaiwa da komowa. Daga ƙarshe ta tsaya.

"Harouna. Yaya ƴar gidanka ta yi?"

"Ga ta nan, Yaya. Tambaye ta."

Ba ta tambaye ta ba. Iklima ta matso, ta durƙusa, ta ajiye makullin kan tabarma kusa da ƙwaryar gari. Yaya ta dube shi. Ta goge hannunta a zane, sosai, yatsa bayan yatsa, sannan ta ɗauka. Ta juya shi, ta karanta lambar da ke jikinsa da leɓɓanta.

"Tikitin jirgin nan," ta ce da ni, "ana iya mayar musu da abinsu?"

"Ana iya, Inna," in ji Iklima.

"To ka gaya mata ta mayar. Kuma ta zo ta karɓi rariyar nan, bayana ya gaji."

Iklima ta naɗe hannun rigarta ta zauna. Yaya ta matsa mata wuri a kan tabarmar, makullin na hannunta.